Kotso a Cikin Aji: Yaran Gobir da Kiɗan da Suka Gada Ba Su Gani Ba

A darasin Hausa na ƙaramar sakandare akwai ranar da ake isowa kan kayan kiɗa. Malam ya juya ga allo ya jera su da alli: kalangu, ganga, kotso, taushi, jauje, gurmi, kuntigi, algaita, kakaki. Ya kasa su gida-gida, ga na kaɗawa, ga na busawa, ga masu tsarkiya. Yara su duƙufa su kwafe. Ranar jarrabawa a ce su kawo kayan kiɗan fada guda uku, su kawo, su ci makinsu.

Da malam zai ajiye allin ya ce, “Wa ya taɓa ganin kotso da idonsa?” hannuwan da za su tashi ba za su taka kara su karya ba. Da zai ƙara da, “Wa ya taɓa riƙe shi?” sai aji ya yi tsit. Sau da yawa shi kansa malamin a takarda ya san shi.

Da a Legas ko Fatakwal ake wannan, da ba abin magana ba ne. Amma ana batun Isa ne da Sabon Birni a gabashin Sakkwato, ƙasar da kotso ya yi sunan da ya zagaye ƙasar Hausa. Yaron da ke zaune a kan benci ko tabarma a wannan aji, mai yiwuwa kakansa ya tsaya a ƙofar fada ya ji makaɗi Narambaɗa da kunnensa. Shi kuwa jikan, suna kawai ya gada.

Wannan giɓi ne ke sa malaman Hausa da wasu iyaye tayar da batun kawo kayan kiɗan gargajiya makaranta, a nuna wa yara su gani, su ji, su taɓa. Magana ce mai magoya baya, mai kuma masu ja da ita, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ta isa a saurara.

Ƙasar da ta goyi makaɗa

Gobir ba baƙuwar kiɗan fada ba ce. Kufan Alƙalawa, birnin da Sarki Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau. Bayan birnin ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, sarautar ta rarrabu. Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda yanzu take cikin Nijar kusa da Maraɗi, daga can kuma wani reshe ya zo ya kafa Sabon Birni. A Isa, zuriyar Shehu Usmanu ce ta riƙe sarautar Sarkin Gobir.

Kowace fada da makaɗanta. Sabon Birni ta yi Abubakar Akwara a kiɗan sarauta, ta yi Maidaji a waƙar noma. Amma wanda ya rufe kowa shi ne Ibrahim Narambaɗa, haifaffen Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960.

Har yau gidajen rediyo na sa waƙoƙinsa, kuma jami'o'i ba su gama da shi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihinsa cikin na sauran makaɗan Hausa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi guda sukutum a kansa a 2009. A 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta tara masana don nazarin waƙoƙinsa.

Akwai wani abu a tarihinsa da ya dace iyaye su tsaya a kansa. Masu ba da tarihin sun ruwaito cewa ta wajen uwa kiɗan ya zo masa: kotson kakansa ya tarar a ɗakin mahaifiyarsa, ya ɗauka, ya fara da waƙar noma kafin ya kai fada. Ba makaranta aka sa shi ba, ba wani ne ya zaunar da shi ba. Abin yana nan kusa, hannun yaro ya kai gare shi. Abin da yaran yau suka rasa ke nan.

Yadda yake a hannu

Wanda bai san kotso ba, in ya hango shi daga nesa zai ce kalangu ne. Ƙirarsu ɗaya: icce ne da masassaƙi ya rarake, baki biyu masu faɗi, tsakiya a tsuke. Sai an matso ake ganin bambanci. Kalangu duka bakunan ake rufe masa da fata, kotso kuwa baki ɗaya. Ɗayan a buɗe yake, ta nan amo ke fita. Kalangu da ɗan lanƙwasasshen makaɗi ake bugunsa, kotso da hannu, yatsu da tafi. A tsakiyar fatar akan manna ɗan danƙo, shi ke ƙara wa muryarsa kauri.

Makaɗi yakan rataya shi a kafaɗa ya maƙale shi a hamata. Tsarkiyoyin fata sun bi jikin icen daga baki zuwa gindi. In ya matse su da damtse, fata ta ɗaure, murya ta hau; in ya sassauta, ta sauko. Da wannan matsi da saki ne kotso ke bin hawa da saukar muryar Bahaushe, har mai kunne ya tsinci taken sarki a cikinsa ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Fata ba ta shiri da raɓa. Da sanyin safiya ko a tsakiyar damina takan saki, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta a wuta kafin ta dawo da muryarta. Kowane ɗan gidan makaɗa ya san wannan tun bai iya ɗaura wando ba, amma da wuya ka same shi a littafin aji.

Kuma ba a kaɗa kotso mutum ɗaya. Ƙungiya ce: ga jagora mai jan waƙa, ga 'yan karɓi, ga masu kotsuna a jere kowa da inda yake shiga, ga sanƙira yana ƙara wa magana gishiri. Wanda ya yi gaggawa ya ɓata wa kowa. Wanda ya yi nawa ya bar rami.

Sannan kowane abin kiɗa da mutanensa. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe. Dundufa ta maƙera ce. Manoma suna da gangarsu. Kotso da taushi na fada ne: Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru da kotso suka yi zamaninsu, Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo kuma da taushi. Yaron da aka nuna wa waɗannan aka gaya masa na wane ne, an koya masa yadda garin kakanninsa yake a tsare, sana'a bayan sana'a, ba tare da an sa shi hadda ba.

Hanyoyin da suka toshe

A da ba wanda ya yi tunanin kai kotso makaranta, domin gari kansa ya isa. Ranar sallah yaro ya bi ayarin sarki. Da damina ya kai wa babansa ruwa wurin gayya, ya tarar makaɗi na bin bayan manoma yana zuga su kunya bayan kunya. Da kaka ga dambe ga kokawa. Da dare ga dandali, 'yan mata na gaɗa. A biki ga mata da ƙwarya da shantu. Ko bai so ba, kunnensa ya cika.

Abu na farko da ya fara rage wannan shi ne sauyin zamani, kuma bai tsaya a Gobir ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyano ta karɓe fage. Mutum ɗaya a ɗakin ɗaukar waƙa yana fitar da abin da ya yi kama da amon kalangu da na algaita daga na'ura. Mai biki ya ga ɗauko mai lasifika ya fi masa sauƙi da araha a kan ciyar da ƙungiyar makaɗa da sallamarsu. 'Ya'yan makaɗa da yawa suka kama wata sana'ar.

Na biyu shi ne ya fi muni, kuma na wannan yanki ne. Shekaru ke nan gabashin Sakkwato na cikin bala'in 'yan bindiga. A watan Mayun 2020 an kashe mutum sama da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni cikin hari guda. A Disambar wannan shekarar, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Katsina, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan iyaka, har da na Isa da Sabon Birni. A Disambar 2021 aka ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Dubun dubatar mutane sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira, wasu sun nufi birnin Sakkwato, wasu sun cunkushe a manyan garuruwan yankin.

A duba yadda wannan ya taɓa kiɗa. Makaɗin fada da sarki yake rayuwa, ga sarki kansa bai tsira ba. Makaɗin noma da gayya yake ci, ga manomi sai ya biya haraji ga ɗan bindiga kafin ya shiga gonarsa, in ma ya shiga a tsorace yake, ba mai son amon ganga ya tona inda jama'a suka taru. Dandali ya mutu, domin da magariba kowa ke rufe ƙofa. Biki ya koma a ɗaura aure a watse.

Wanda ya gudu cikin dare, 'ya'yansa zai ɗauka da ɗan hatsi. Kotso yakan zauna a rataye a ɗakin da aka bari, gara ta ci icen, ɓera ya ci fatar.

Kunnen yaro kuwa ba ya zama fanko. Waya ta cike gurbin. A 'yan shekarun nan har waƙar yabon wani ƙasurgumin ɗan bindiga ta yi ta yawo daga waya zuwa waya a yankin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tambayar ba ita ce ko yara za su ji kiɗa ba. Suna ji. Tambayar ita ce wa ke tsaye kusa da su yana gaya musu wane ne ya cancanci yabo, kuma a kan me.

“Ban kai ɗana boko ya zan maroƙi ba”

Wannan ita ce maganar da malami zai fara cin karo da ita a bakin iyaye, kuma ba maganar banza ba ce. A tsarin Bahaushe kiɗa gado ne, makaɗi kuma, duk da kyautar doki da riga da yake samu, ana ajiye shi a sahun ƙasa. Akwai gidajen da har gobe ba sa ba ɗan makaɗa aure. Uban da ya hana kansa ya sayi littafi da tufafin makaranta yana fatan ɗansa ya zama likita ko alƙali. In ya ji an ba shi ganga a aji, gani yake an mayar masa da hannun agogo baya.

Wasu kuma tsoronsu na addini ne. Sun san akwai kayan kiɗan da ke tafiya da bori, kamar garaya da goge, kuma a Gobir, inda sarautar Inna take da tsohon tarihi, wannan ba labarin nesa ba ne. Sun san wuraren da kiɗa ke haɗuwa da shaye-shaye da cuɗanyar maza da mata. Ba sa son a buɗe wa 'ya'yansu ƙofar da ba su san inda za ta ɓulle ba.

Muhawarar ma ba sabuwa ba ce, kuma a wannan ƙasar aka fara yin ta da ƙarfi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Ɗegel cikin ƙasar Gobir, ya soki sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙi da shagala da kiɗe-kiɗe dare da rana ba bisa wata manufa ta shari'a ba. A nan kuma ya nuna akwai bugun da ke da dalili, kamar na tara runduna. 'Yarsa Nana Asma'u da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajoji, wato matan da ke kai musu karatun. Daga baya fadar Sarkin Musulmi kanta ta riƙe makaɗa. Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Malamai sun saɓa a kan hukuncin kayan kiɗa tun da daɗewa, suna kuma kan saɓawa. Hukunci nasu ne.

Abin da nake gani a nan shi ne an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Nuna wa yaro abu daban, sa shi sana'arsa daban. Makarantu na kai yara maƙera su ga zuga-zugi da uwar maƙera, ba a ce an mayar da su maƙera ba. Uban da yake ganin kiɗa bai halatta ba yana da haƙƙin a ɗaga wa ɗansa ƙafa ranar da za a yi, ba tare da gori ko rage maki ba. Amma shi ma bai kamata ya hana ɗan maƙwabcinsa sanin abin da ya sa ake ambaton Isa a jami'o'in ƙasar nan ba.

Akwai kuma masu cewa, “Ana ta rai wa ke ta kiɗa?” Su ne suka fi ba ni tausayi, domin gaskiya suka faɗa. A ƙasar da ake ƙiyasta yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa firamare, a yankin da wasu azuzuwan suka zama masaukin 'yan gudun hijira, rufin aji da alli da albashin malami su ne gaba. Sai dai kawo kotso aji ba ya cin kuɗin rufi. Kuma yaron da aka raba da ƙauyensu, ya bar gonarsu da kabarin kakansa, yana buƙatar wani abu da zai riƙe ya ce wannan namu ne.

Ɓangaren malamai

A takarda, gurbin yana nan. Tun wajen 2008 manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda hukumar NERDC ta tsara, ta haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi guda na al'adu da fasaha. Darasin Hausa kuma yana da sashen al'ada da na waƙoƙin baka.

A aikace, malamin da aka danƙa wa darasin sau da yawa ba fanninsa ba ne. Wanda yake da sarari a jadawali ake ba. Littafin da ke hannunsa da Turanci yake, misalansa na Turai ne ko na kudancin ƙasar. Sai darasin ya koma kwafar ma'anoni. Ko ranar al'adu da makarantu da yawa ke shiryawa, musamman masu zaman kansu a birane, takan tsaya ne a tufafi da tuwo da fura, kiɗan kuma a jona waya da lasifika.

Malaman da suka damu da abin suna da hujjoji masu nauyi. Na Hausa zai ce maka karin sauti yana daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da ɗalibai. A allo alamomi ne kawai a kan wasula. Amma in makaɗi ya matse kotso ya sake, yara suka ji sama da ƙasa da faɗuwa da kunnensu, an gama bayani. Na kimiyya zai ce ga darasin sauti a fili: me ya sa fata in ta ɗaure take ƙara tsini, me ya sa babban icce ya fi ƙarami kauri, me buɗaɗɗen baki yake yi. Gani ya kori ji.

Akwai wata fa'idar da ba a rubuta ta a manhaja. A kowane aji akwai yaron da karatu ke ba wuya, wanda ya saba zama a baya kansa a sunkuye. Wani lokaci shi ne ɗan gidan makaɗa, mai ɓoye asalinsa don gudun tsokana. Ranar da aka kawo kakansa gaban aji, malam ya rusuna ya ce, “Baba, ga ɗiyanka, a nuna musu,” wannan yaro ya ga an girmama gidansu a wurin da bai taɓa zato ba.

Abin da ke hannun iyaye

Ba kowane gida ke da kotso ba. Amma akwai kayan da kusan duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani, yaran gari kuwa ba su taɓa gani ba.

Ɗauki tilɓoro. Da kaka, bayan an yanke dawa, uba zai zaɓi gaɓar kara mai kauri wadda ba ta tsage ba. Ya yanke ta, ya sa tsinke ya zungure totuwar har ciki ya zama rami. Kusa da baki ɗaya ya sa kaifin wuƙa ya tsaga ɗan siririn harshe a jikin ɓawon, ya ɗaga shi kaɗan ba tare da ya cire ba. A nan gwanintar take: in harshen ya yi kauri ba zai yi kuka ba, in ya yi siriri ya karye. Sai ya kai karan baki a gicciye, leɓɓansa su rufe harshen, ya ja iska, yana buɗe ƙarshen da hannu yana rufewa. Murya ta fito, mai kauri, wadda ba ka zaci kara zai iya ba.

Ba a sayen komai. Cikin darasi guda yara arba'in za su iya komawa gida kowa da nasa, ko da rabinsu ba su yi kuka ba. Kuma babu wanda zai ce tilɓoro na maroƙa ne. Wasan samari ne na kaka, wanda liman da ladan ma suka yi da ƙuruciya.

Iyaye mata kuma suna da shantu, doguwar ƙwaryar nan mai huda biyu wadda akan yi wa zane a jiki. Mace na zaune ta buga gindinsa a cinya, ta rufe bakinsa da tafi, awarwaronta na ƙara nasa amon. Kiɗan cikin gida ne, na matan kulle, wanda ba ya fita zaure. Kaka ɗaya ta isa ta zauna da 'yan matan aji su kaɗai, da malamarsu, ta nuna musu. Wannan ya kauce wa yawancin abin da iyaye ke tsoro.

Muhimmancin shigowar iyaye ya wuce kawo kaya. Duk abin da malami ya yi shi kaɗai a wannan fage, za a ce boko ne ya zo ɓata tarbiyya. In kuwa a taron iyaye da malamai aka yanke, da sanin liman da mai unguwa, uba ne ya yanko karan, kaka ce ta zo da shantunta, to zargin ya rasa wurin zama.

Darasi daga hayin iyaka

A Nijar an yi wani malamin makaranta da labarinsa ya dace da wannan batu. Malam Maman Barka, haifaffen Tesker, koyarwa ya fara kafin a san shi da gurmi, kuma Hausawan ɓangarorin iyaka biyu sun san muryarsa. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Chadi wurin wani tsoho, Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale, na masuntan Buduma. Ya zauna ya koya, tsohon ya ba shi nasa biram ɗin, Maman Barka kuma ya kai shi har Ingila ya kaɗa. Ya rasu a 2018.

A Yamai kuma akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda ke da ɗakin ajiye kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar.

Abin lura a labarin Maman Barka shi ne yadda aka kusa makara. An bari sai da ya rage mutum ɗaya, sannan aka aika mutum ɗaya. Kotso bai kai nan ba tukuna; zuriyar Ɗanƙwairo sun ci gaba da kiɗan gidansu, kuma fadodin Sakkwato da Zamfara ba su rabu da makaɗa ba. Amma abin kiɗa ba ya rayuwa da masu kaɗawa kaɗai, sai da masu saurare da suka san abin da yake faɗa. Waɗannan a aji ake iya samar da su, arba'in arba'in.

In za a yi, a yi da tsari

Makaɗin da za a gayyato a matsayin mai koyarwa zai zo, don haka a yanka masa sallamarsa tun kafin ya taso, daga asusun iyaye da malamai ko daga wani mai hali na gari. Kada a bar shi ya shiga wasa malamai da kirari yana jiran liƙi a gaban yara, domin wannan shi ne ainihin abin da iyaye suka ce ba sa so. A zaɓi abin da zai kaɗa tare da shi: taken gari, waƙar noma, yabon mai gaskiya da mai ƙwazo. Zambo da habaici a bar su sai yara sun kai manyan azuzuwa, inda ake nazarinsu a matsayin adabi.

Tunda kotso na fada ne, ladabi ya nuna a nemi izinin sarki ko hakimi. Wannan ma riba ce, domin in fada ta sa hannu, ta san inda makaɗanta suka watsu.

Tsaro kuwa ba abin wasa ba ne. Ba taro ake nema ba, ba shela, ba lasifika. Aji ɗaya, da rana, ƙofa a rufe, rabin awa. A ƙauyukan da ko makarantar ba ta buɗewa, babu batun. A fara da cikin garin Isa da Sabon Birni, da makarantun Sakkwato da na jihar Maraɗi inda yaran yankin suka sami mafaka.

Cibiyoyin da za su iya tallafawa suna nan kusa. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ce ke yaye da yawa daga cikin malaman jihar. Da za ta riƙa kawo makaɗi gaban ɗalibanta na Hausa, da malami ba zai shiga aji yana koyar da abin da bai taɓa gani ba. Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da masana waƙar baka. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu aikinta ke nan adana kayan tarihi, tana kuma iya ɗaukar muryoyin tsofaffin da suka rage.

Amma matakin farko bai buƙaci kowace hukuma ba. Shugaban makaranta ya tambaya a taron iyaye: gidan wa ke da kotso, gidan wa ke da taushi ko shantu, wa ya iya tilɓoro? Kotson da za a samu, galibi fatarsa ta yage ko tsarkiya ta tsinke, sai an nemi mai rufe shi. Masu wannan aiki a gabashin Sakkwato yawancinsu sun manyanta, wasunsu kuma ba sa garuruwansu. Nemo su ya kamata ya riga sa ranar tara yara.